Sauran Ƙwayar Hansatu

Duk shekara ana turo mana ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya su ga aiki da idonsu, duk shekara kuma sai na samu ɗaya mai farar riga da ta sha guga, ya tsaya yana kallona ina ƙirga ƙwaya a kan tire, ya ce a ransa, ashe wannan ne aikin? Na bana, wani Nura, bai ma bar abin a ransa ba. Ya ce, "Baba, ai yanzu komai yana cikin waya. Ka rubuta ciwo, ta faɗa maka magani." Ya ɗora da nuna mini wani bidiyo, wai Turawa sun gano wiwi na maganin farfaɗiya, mu kuwa muna nan muna fama da ƙwayar zamanin kakanni. Na ce ya kashe wayar, ya kira 'yan'uwansa su zauna. Abin da na gaya musu ran nan shi nake rubutawa, don bakina ya gaji da maimaici.

Shekarata talatin da ɗoriya ina malamin asibiti. Na fara a wani ƙauye ta wajen Ruma a ƙasar Batsari, na ƙarasa a wani ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu gaba da Runka, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Mutane likita suke ce mini, ni kuwa na san ba likita ba ne. Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba: tiren ƙirga ƙwaya da 'yar wuƙarsa, ma'aunin zafin jiki, almakashi, auduga, bandeji, sikelin auna jarirai, da risho. Da na fara aiki sirinjin gilas ake yi da shi, sai ka dafa shi a kan risho, in allurar ta dakushe ka wasa ta a dutse. Ku da kuke yage leda ku yi allura ku jefar, ku gode wa Allah.

Wanda ya koya mini aiki wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Disfensa. Bai yi doguwar makaranta ba, kuma ba shi da daɗin zama. Aikin farko da na yi ni kaɗai a gabansa, wani magidanci ne ya shigo ya ce a ba shi maganin ciwon ciki. Na zabura, na ƙirga, na naɗe, na miƙa masa, ina jin kaina. Mutumin ya kai bakin ƙofa Baba Disfensa ya ce, "Dawo. Wa ke ciwon cikin?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Iyali ce." Ashe matarsa ce mai cikin wata bakwai, kuma jini take zubarwa. Abin da na naɗe masa ba abin da zai tsinana mata, sai dai ya sa su zauna gida suna jiran sauƙi. Da aka sa ta a mota aka wuce da ita babban asibiti, tsohon nan ya ɗauki wuƙar ƙirga ƙwaya ya ƙwala mini a bayan hannu a gaban jama'a. Ya ce, "Kai, a ƙasar nan ba mai ciwo ke zuwa asibiti ba, ɗan aike ke zuwa. Duk wanda ya tambaye ka magani, ka tambaye shi majinyaci." Sati guda ina fushi da shi.

A wurinsa kuma na koyi zane a bayan ambulan ɗin magani, tunda yawancin masu zuwa ba sa karanta boko. Rana mai fitowa, a sha da safe. Jinjirin wata, a sha in za a kwanta. Ba ƙaramin aiki ba ne, don mutanenmu suna da nasu lissafin. Makiyayi zai ce sa ɗaya ma ƙwaya biyu ake ba shi, yaya shi za a ce ya sha rabi. Wata za ta karɓi na ɗanta ta raba wa 'ya'yan maƙwabta uku, don kada a ce ta yi rowa. Wani kuwa in ba ka tsira masa allura ba, cewa zai yi ba ka duba shi ba.

Amma babu masu wahalar sha'ani kamar masu farfaɗiya, kuma ba su ne da laifi ba. Ɓoye su ake yi. In mutum ya faɗi kowa sai ya watse, wai yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ƙarya ce. Shi ya sa ba da farfaɗiyar ake kawo mana su ba, da ƙuna ake kawo su, ko karaya, ko an tsamo su daga rafi. Ina da wani tsohon gwangwanin madara da nake ajiye katinsu a ciki. Maganinsu wata 'yar farar ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar wake ba, ana sha kullum, ba fashi. Tana riƙe ciwon, amma tana da sharaɗi ɗaya mai tsanani: wanda jikinsa ya saba da ita, in aka yanke masa ita rana ɗaya tsaka, ciwon kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, ya yi ta bugun mutum ba ƙaƙƙautawa.

Da ƙuna aka kawo mini Hansatu. Shekarunta ba su wuce goma ba, 'yar wata ruga ce da ke tafiyar rabin yini daga wurinmu. Ta faɗa murhu tana dafa madara, hannunta na hagu ya saɓule daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Kakarta ce ta kawo ta, wata doguwar tsohuwa mai suna Inna Dado. Ina wanke ƙunar ina tambaya, har tsohuwar ta yarda cewa yarinyar takan faɗi sau biyu ko uku a wata. Na ce ina iyayenta? Ta ce, "'Yar fari ce, ɗan nan. Tun yaye tana wajena." Ban ƙara tambaya ba, don na gane. A wajenmu, balle a wajen Fulani, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi ko da yana ciwo. Kunya ce, kuma ni ma ina yinta: har yau ban taɓa kiran babbar 'yata da sunanta ba. Saboda haka ban san fuskar uban Hansatu ba, ban kuma nemi in sani ba.

Na ba Inna Dado ƙwayar, na zana mata wata a bayan ambulan. Na ce, "Inna, wannan kamar igiyar ɗaure maraƙi ce. Ran da aka kwance, ran nan zai ruga." Ta riƙe maganar da hannu biyu. Duk wata sai ta zo, wani lokacin da yarinyar. Hansatu takan ɗauki ambulan ta juya shi ta yi dariya, ta ce, "Likita, watan naka ƙahon saniya ne." Nakan ce to ta zo ta karɓi biron ta zana nata. Shekara biyu cur yarinyar nan ba ta faɗi ba. Ƙunar ta warke ta bar tabo, ta fara ɗaukar ƙwaryar nono zuwa gari da sa'o'inta, har tsohuwar ta bar ta tana zama kusa da wuta. In aka tambaye ni abin da na yi a aikin nan da nake alfahari da shi, a lokacin ita zan nuna.

Ana cikin haka aka kira mu wata bita a Katsina. A rana ta ƙarshe wata mai ilmin haɗa magunguna ta yi mana bayani a kan wiwi, don wani ya tambaye ta. Ta ce gaskiya ne, a wasu ƙasashe an tace wani sinadari daga ganyen, wanda ba shi ne mai sa maye ba, an yi shekaru ana gwada shi, an ga yana rage faɗuwa ga wasu yara masu wata irin muguwar farfaɗiya da ta gagari sauran magunguna. Ta ce ana auna shi da nauyin yaro, ana duba hantarsa, kuma ƙari ake yi da shi a kan maganin da yaro ke sha, ba a ajiye wancan a ɗauki wannan. Ta ce ganyen da ake busawa a tasha ba shi ne wannan ba, shi yana iya ma tayar da ciwon. Na rubuta duka a littafina, na dawo gida ina jin na fi kowa sani daga Runka har Babban Duhu.

Sai muguwar shekara ta zo. Kun san ta, wasunku a lokacin kuka bar ƙauyukanku. 'Yan bindiga sun hana noma, sun hana hanya. Aka rufe kasuwanni, aka kashe layin waya, aka hana babur shiga daji. Motar da ke kawo mana magani daga Safana ta daina zuwa sai in an samu rakiya. Abin da ya fi muni, aka daina yarda da juna. Bafulatanin da kakansa da kakanka suka yi cinikin nono da gero, in ya doso gari sai a hau kallonsa ana tunanin ɗan leƙen asiri ne, in ya koma kuma na daji su ce ya kai rahoto. Wasu sun shigo gari ba su koma ba.

Duk da haka Inna Dado ta zo, ta biyo ta cikin gonaki. Na zazzage kwalbar ƙwayar a kan tire, na raba wa masu kati, na Hansatu ya kama na kwana talatin. Ina naɗewa na ce, "Inna, wannan ke nan da ni. Bayan shi sai yadda Allah ya yi." Gajiya ce ta sa ni faɗin haka, ban yi tunanin inda maganar za ta sauka ba. Tsohuwar ta ƙulle ambulan a bakin zanenta, ta tafi da maganata gida.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, an yi ruwa da asuba, wani Bafulatani ya shigo yana ɗingishi. Zai yi shekara talatin da biyar, siriri, ya ce sunansa Juli. Muka gaisa.

"Sannu da aiki, Malam. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya jama'a, ya haƙuri da zamani?"

"Sai godiya. Ya dabbobi?"

"Abin da ya saura na nan."

Kututture ne ya yanke shi a ƙafa. Yankan bai da zurfi, ya ma fara kamewa, irin wanda makiyayi kan shafa wa toka ya wuce. Da ina cikin hankalina da na tambayi kaina me zai sa mutum ya sayar da ransa ya shigo gari a irin wannan lokaci saboda wannan ɗan ciwo. Ban tambaya ba. A kan bencin jira akwai mutum uku, cikinsu da wani malamin Islamiyya abokina, wanda muka saba musu da shi a kan komai. Ina naɗa bandeji, Juli ya kafa wa bango ido, ya yi magana kamar wanda ke neman abin hira.

"Malam, wata magana na ji a ruga. Wai hakin ga da yaran daji ke sha, wai Nasara na maganin farfaɗiya da shi. Wai gaskiya ne?"

Kafin in buɗe baki abokina ya ce, "A'uzubillahi! Abin maye ba ya zama magani. Ƙaryar 'yan waya ce."

Nan fa ilmin bita ya motsa. Na juya wa majinyacina baya, na fuskanci malam. Na ce, "Wannan karon ka faɗi ƙasa, Malam. Gaskiya ne. Mai ake tatsowa daga ganyen, kuma an gwada an ga yana aiki." Ya kawo nassi, na kawo lalura, ya ce kaza, na ce kaza, mutanen benci suna dariya. Juli ya jira har muka numfasa, ya ce a hankali, "Har ga yara?" Na ce, ba tare da na ko waiwaya sosai ba, "Ai yara ma aka fi yi wa." Ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ni kuwa na ci gaba da musu har na yi nasara. Duk abin da matar nan ta faɗa game da tacewa da awo, da cewa ba a ajiye ƙwaya, yana cikin littafina a aljihun tebur, taku biyu daga inda nake tsaye.

Kwana tara bayan haka, ana fitowa sallar azahar, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar asibiti. Inna Dado ce a ciki, ta rungume Hansatu. Jikin yarinyar na ta fizga, haƙora a datse, leɓe ya yi baƙi, jiki zafi rau. Muka shigar da ita, na kwantar da ita a gefe ɗaya. Na ce tun yaushe? Ta ce tun jiya da la'asar, in ya sake ta kaɗan sai ya dawo, tun safe kuma bai sake ta ba. Na ce ƙwayar fa?

Ta ce, "An ajiye."

"Wa ya ajiye? Inna, me na gaya miki?"

"Ubanta ya ce ya tambayi likita da bakinshi, an ce mashi hakin na yi, har ga yara. Ya samo wajen yaran daji, ya soya da man shanu, ya tace. Cokali da safe, cokali da marece. Ya ce kada a haɗa magani biyu su yi faɗa a cikinta, a adana ƙwayar tunda ta kusa ƙarewa. Kwanakin farko barci take tana dariya, muka ce an dace."

Allurar tsayar da fizga biyu ta rage mini. Na yi mata ɗaya, jikin ya lafa, na ce alhamdulillahi. Ba a yi rabin awa ba ya dawo. Na yi ta biyun. Abin da take buƙata a lokacin babban asibiti ne mai iskar numfashi da likita, kuma ba waya da zan kira, ba babur, mai a-kori-kura ɗaya da ke garin ya rantse ba zai hau hanyar Safana ba sai da rakiya, ban kuma ga laifinsa ba. Na jiƙa tsumma ina goga mata, ina share mata baki, ina ƙirga numfashinta. Ana kiran la'asar ta cika.

Na fito in sha iska. Mutumin da ya koro amalanken yana tsaye wajen shanunsa, bai shigo ba tun da suka zo, ya ba asibitin baya. Ƙafarsa na fara gani. Bandejin ya yi baƙi da laka, amma ƙullin nawa ne, irin wanda Baba Disfensa ya koya mini, mai kunne ɗaya. Na ce, "Juli, sai haƙuri. Allah ya yi mata cikawa." Bai juyo ba. Ya ce, "Allah shi jiƙan Musulmi," ya sa hannu yana gyara igiyar wuyan sa, wadda ba abin da ya same ta. Wanda bai san mu ba zai ce mutumin nan ba shi da zuciya. Ni na san ya yi tafiyar rabin yini da yankakkiyar ƙafa, ya ratso mutanen da za su iya kashe shi, don ya yi tambaya ɗaya a kan 'yar da ba zai iya kama sunanta ba. Ya yi tambayar ta hanya ɗaya tak da al'ada ta bar masa, ni kuma na san al'adar sarai.

Bayan sadakar bakwai ya dawo. Ya jira har benci ya watse, ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Watana na nan a bayansa. Na zazzage a kan tire, ƙwaya goma sha tara. Da an ci gaba da ba ta, da sun kai ta har ranar da motar magani ta iso, don ta iso kwana uku bayan wannan zuwan nasa.

Na ce, "Juli, laifina ne. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kai gaskiya ka faɗi, Malam."

"Rabinta na faɗa."

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba. Ni ko ban iya faɗi." Ya tura tiren gabana da yatsa. "Na waccan ne. A ba ɗan wani."

Na kuwa ba ɗan wani, don ba ni da zaɓi. Akwai wani yaro ɗan gidan malamai daga wajen Babban Duhu da nasa ya ƙare a satin, da su ya rayu har magani ya zo. Yana nan, ya yi aure bara. Juli kuwa ya tashi da sauran shanunsa da tsohuwarsa kafin kaka, an ce sun yi kudu, ban sake jin labarinsu ba. Wata biyu ban iya haɗa ido da abokina malamin Islamiyya ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba.

Don haka na ce wa Nura da 'yan'uwansa, bidiyon nan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma abin da ya sa nake tsoronsa ke nan. Masu bincike suna aikinsu, Allah ya taimake su, wataƙila wata rana tataccen maganin ya iso nan cikin kwalba da awonsa, doka ta yarda da shi, ku ba da shi da hannunku. Amma tsakanin kwalbarsu da kaskon man shanu akwai kabari, na ga lokacin da aka haƙa shi. Waya ta san magani, na yarda, ta ma fi ni sani. Ba ta san cewa mutumin da ya kalli bango ya ce "wata magana na ji" uba ne ba. Na koya musu yadda ake yi: ba a ce wa mutum "'yarka ce?", don zai ce a'a ya tashi. Sai ka sallami benci, ka rage murya, ka ce, "Akwai mai irin wannan lalura a wajen tsohuwa?" Zai ce akwai. Daga nan sai ka faɗi maganar duka, ka fara da cewa kada a ajiye ƙwaya.

Na buɗe gwangwanin madara na ciro ambulan ɗin, ya yi laushi don tsufa, na miƙa wa Nura. Ya juya shi, ya ƙura wa zanen ido, ya ce, "Baba, wannan fa? Ƙahon saniya ne?"

Na ce, "Wata ne." Na karɓi abina na mayar cikin gwangwani, na ce ya kira na gaba a layi, kuma kafin ya taɓa tire ya tambaye shi wa ke ciwon.